Yadda na hana filashi cinye kalar neon a hoton sutudiyo

Da zarar filashi ya tashi, ruwan hoda da shuɗin fitilun neon sai su dushe, bango ya koma fari fat, saboda filashin ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na rage filashin zuwa 1/64 na ƙarfinsa, na sa masa raga don hasken ya tsaya kan fuska, na matsar da mai kwalliyar da nake ɗauka mita 2 daga bango. Shata kuwa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ga haske, na mayar 1/50 na daƙiƙa: ita ke ɗebo hasken neon, ba ruwanta da filashi, kuma ratsin da wutar lantarki ta 50Hz ke jawowa ya ɓace. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 400; faɗin ƙofar lens f/2.8.

Daidaiton fari, wato saitin kalar haske a kyamara, a kafe shi a 4500K, don otomatik goge ruwan hodar yake yi. A shafa hoda a goshi da hanci, maiƙo na mayar da shuɗin tabo.