Ƙiba da Rubutun Bayan Kwali: Kurakuran da Muke Yi a Legas

Duk wanda ya yi shekara biyu a kudu ya koma gida da tumbi, gaisuwar da za a tare shi da ita ɗaya ce: "Lallai Ikko ta karɓe ka." Amarya ma in ta ciko bayan biki sai a ce maigidan na kula da ita. Daga nan kuskurenmu na farko ya samo asali, domin mun taso muna kallon ƙiba a matsayin shaidar hutu da rufin asiri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cuta take kiranta, kuma ƙididdigarta ta shekarar 2022 ta nuna mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ita. Ƙiba ce ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya, ga ciwon gwiwa da ke hana dattawanmu sallah a tsaye.

Gyaran a nan shi ne a daina auna jiki da ido ko da yabon mutane. A asibiti ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.65 zai samu kusan 31. Daga 25 nauyi ya fara wuce ƙima, daga 30 kuma an shiga ƙiba sosai. In lissafin ya yi maka nisa, samu igiya ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen cikinka ya yi yawa, ko da hannuwanka da ƙafafunka sirara ne. Kitsen ciki shi ne mai haɗarin, don shi ke lulluɓe hanta da hanji.

Sai maganar da kusan kowane mai ƙiba yake yi: "Wallahi ni ba na cin abinci da yawa." Sau da yawa gaskiya yake faɗa, sai dai ya manta da abin da yake sha. Ɗauki ɗan kasuwa da ke kwana a Agege yana sana'a a Mile 12. Da asuba yana teburin mai shayi: kofi babba, madarar gwangwani, sukari cokali uku ko huɗu, da rabin burodin Agege an shafe shi da bota. Da rana zafi ya taso, ya sha lemo mai sanyi. Da yamma cunkoso ya riƙe motarsu, mai talla ya miƙo wani ta taga. Da dare kuma taliyar leda biyu da ƙwai. Tuwo sau ɗaya ya gani a ranar, ko ma bai gani ba, don haka a ransa bai ci komai ba.

Ga lissafin da bai yi ba. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100. Robar rabin lita ke nan ta kai giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50 ɗin nan, kuma ta ce in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini guda, tun ba a zo kan shayi ba. Matsalar sukarin ruwa ita ce ba ya ƙosarwa. Ka sha, bayan awa ɗaya yunwarka na nan inda ka bar ta.

Akwai wanda ya bar baƙin lemo ya koma lemon malt, har yana haɗa shi da madara wai don ƙarin jini. Shi ma sukari ne cike da shi, kuma mai ƙarancin jini gwaji yake bukata da abinci irin su hanta, nama, wake da ganye. Haka zoɓo da kunun aya da furar da ake damawa a bakin hanya: asalinsu lafiya lau, mai sayarwa ne ke zuba sukari don ya riƙe masu saye. Ba na ce a daina shan shayi ba, ni kaina ba zan iya ba. A rage cokali ɗaya wannan makon, wani a mako na gaba, harshe zai saba. A ce wa mai fura kada ta sa sukari sai an gani. Ƙishirwa kuma ruwa ne maganinta.

Kuskuren da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Za ka ji uwa ta ce, "Ai yana da lamba," ta miƙa wa yaro biskit da ruwan kwali kullum a jakar makaranta. An kafa hukumar a 1993, kuma a zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, mutane suka koyi duba lambar nan saboda yaƙi da jabun magunguna. Ɗabi'a ce mai kyau, kada a bari. Amma abin da lambar ke nufi shi ne an yi wa kayan rajista, an san mai yin su, an amince a sayar. Ba ta ce ka sha uku a rana ba. Buhun sukari ma yana da lamba, har da tambarin ido da ke nuna an ƙara masa sinadarin bitamin A, kuma hakan bai hana shi zama sukari ba.

Abin da ya kamata a karanta yana baya, da ƙananan haruffa. Dokar laƙabin abincin da aka ƙunshe, wadda hukumar ta sabunta a 2022, ta wajabta a rubuta sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da zai lalace. Jerin kayan haɗin ba a rubuta shi barkatai: wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko. Idan ka ga sukari a na ɗaya ko na biyu, ka san abin da ka saya. Wani lokaci ana rarraba shi da sunaye daban-daban, gulukos a nan, siraf a can, don kada ya fito a sahun gaba.

Sannan akwai ɗan teburin alƙaluma, kuma nan ne ake yawan zamewa. Wani kamfani zai rubuta adadin sukari na giram 100 ko mililita 100, wani kuma na abin da ya kira ci ɗaya, alhali ledar ta ƙunshi ci uku. Wa ka taɓa gani ya buɗe ledar biskit ya ci kashi ɗaya cikin uku ya ɗaure sauran? Ka duba girman abin da ke hannunka, ka ninka. In kana kwatanta kaya biyu, kwatanta su a kan giram 100, shi ne ma'aunin da ba ya ruɗi. Gishiri kuma sau da yawa da sunan sodiyam ake rubuta shi. Ninka adadin sau biyu da rabi ka samu gishirin. Iyakar babban mutum ƙasa da giram 5 ne a rana, ga shi kuma muna zuba dunƙule a kan ɗanɗanon da ya zo cikin ledar taliya.

Rubutun gaban kwali talla ne, a ɗauke shi a haka. Galan ɗin man girki da aka rubuta wa "babu kolestarol" bai yi ƙarya ba, sai dai babu wani man tsiro da ke da shi tun asali. Man gyaɗa, manja, man waken suya, kowane giram ɗaya yana ba da kalori 9 (ma'aunin kuzarin abinci ke nan), ninki biyu da ɗoriya na abin da shinkafa ko sukari ke bayarwa. Babban cokali ɗaya ya kai kalori 120. Yanzu tuna yadda mai ke iyo a kan miyar gidan biki.

Wasu kuma sun jingina komai ga gwamnati: in da abin na da illa, ai da an hana. Gwamnati ta yi wani abu, ba a musu. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Dokar mai da kitse ta 2022 ta ƙayyade kitsen masana'anta mai toshe jijiyoyin zuciya, kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Amma Naira 10 a lita Naira 5 ce a kan roba ɗaya, kuɗin da yau ko ruwan leda ba zai saya ba, don haka a ganina ba ta hana kowa sha ba. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa. Ingila da Afirka ta Kudu sun sa harajin da ke hawa gwargwadon yawan sukarin a 2018, abin da ya sa kamfanoni da dama rage shi. Irin tambarin Chile ne zai fi yi mana amfani, domin namu bayanin da Turanci yake, da haruffa kamar ƙwayar gero, kuma dattijuwar da ke sayayya a Idi-Araba ba za ta iya karanta shi ba. Kafin a kai can, a sa yaran gida 'yan makaranta su riƙa karantawa.

Kuma a tuna, dokar laƙabi a kan abin da aka ƙunshe take aiki. Ƙosai, fanke, soyayyar doya, tsire mai kitse, shinkafar buka, man da ake aunawa a kwalba a kasuwa, babu wanda ke da rubutu a jikinsa, kuma su ne rabin abincinmu. A nan faranti ne ma'auni: rabinsa ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Mu da 'yan'uwanmu ke sauke tumatir da kabeji da karas a Mile 12 ba mu da hujjar cewa kayan lambu sun yi mana nisa.

Kuskure mafi haɗari shi ne neman gajeriyar hanya, ta kowane ɓangare. 'Yan mata masu son cika suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Yawancinsu maganin buɗe ciki ne ko dekzametason, wanda likita ke bayarwa don wasu cututtuka na daban. Dekzametason ba lafiya yake ƙarawa ba: yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska da ciki, ya tada suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita ne zai sauke ta a hankali. A ɗaya gefen kuma ga shayin rage teɓa da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, sikeli ya nuna an ragu, ruwan ya dawo bayan kwana biyu, kitsen bai motsa ba.

Barin karin kumallo a rama da dare ma bai cika yin aiki ba, kamar yadda wasu ke fitowa daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi saboda soye-soyen buɗa-baki. "Aikina ma motsa jiki ne" kuma gaskiya ce ga ɗan dako da mai turin ruwa, amma ba ga mai canji ko direba ko mai shago da ke wuni a zaune ba. Abin da ake so minti 150 ne na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato rabin awa sau biyar. Sauka daga danfo tasha ɗaya kafin taka ya isa farawa.

Saura masu yi wa mai ƙiba dariya suna cewa ci ne ya yi masa yawa. Akwai gado a ciki, akwai ƙarancin barci, wanda mai fita ƙarfe huɗu na asuba don gudun cunkoso ya sani sarai. Akwai cutar maƙoshi da ke rage aikin jiki, akwai matsalar ƙwayayen haihuwa ga mata, akwai magungunan da ke ƙara nauyi. Wanda ya ga jikinsa na hauhawa ba tare da ya canza ci ba, ko yana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya je cibiyar lafiya ta unguwarsu ko babban asibiti a gwada masa suga da hawan jini. Ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya ajiye su a gaban likita.