Aika saƙo ta cikin ƙasa da ruwa: inda samarinmu ke tuntuɓe

Duk sanda aka ji rami ya rufta da masu haƙar zinariya a yankin Ashanti, sai samari su zo shagona a unguwar Aboabo ta Kumasi, Ghana, da kwayil (wayar da aka naɗe kamar zobe) a hannu, suna neman hanyar magana da wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Abin yana yiwuwa. Masu ceto a kogunan duwatsun Ingila sun daɗe suna amfani da na'urar magana ta Heyphone mai bugu (wato kai-komon sigina) 87,000 a daƙiƙa. Amma kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne.

Babbansu shi ne ɗaukar abin tamkar rediyo. Ƙannena, wannan ƙarfin maganaɗisu ne, kuma yana mutuwa da sauri: ka ninka nisa sau biyu, ya ragu sau takwas, ka ninka sau goma, ya ragu sau dubu. Shi ya sa yaro zai ƙara batir, ya ƙara, har waya ta ɗau zafi, nisan kuwa bai ƙaru da abin kirki ba. Maganin yana ga faɗin kwayil. Zoben da ka ninka faɗinsa sau biyu, ƙarfinsa ya ninku sau huɗu a kan wutar nan ɗaya. Ka shimfiɗa zobe babba a ƙasa, ka bar ɗan ƙaramin nan da aka ciro daga injin fanka.

Sai zaɓen yawan bugu. Ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa suna shanye sigina mai saurin bugu. A ruwan teku, mai bugu 1,000 a daƙiƙa yana shiga kamar mita 8 kafin ruwan ya ci kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, mai bugu 100,000 kuwa santimita 80 ne kawai. Ka rage yawan bugu, ka kuma haƙura da murya mai daɗi. Gajeren rubutu ko ƙyaftawar fitila ya isa. Wanda ya gwada a tafkin Bosomtwe kada ya yi zaton haka zai samu a bakin tekun Accra, gishiri ya canza lissafi. Haka ƙasar hunturu da ta damina.

Wani abin da ke ba ni tausayi: na'ura lafiyarta ƙalau, amma an tsayar da kwayil ɗaya, an kwantar da ɗaya daidai ƙarƙashinsa, sai a ji shiru, a ce ta lalace. Ku sa su fuskanci juna. Ku kuma tabbatar kafasito (ɗan abin da ke riƙe caji) ya daidaita su biyun a kan bugu ɗaya, da awo, ba da ƙiyasi ba.

Wurin gwaji ma haka. Wutar Ghana bugu 50 take yi, kuma tana zubar da hayaniya a 150 da 250 da 350. Kusa da taransifoma ko masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, babu abin da za ka ji sai ƙugi. Ka zaɓi bugun da bai faɗa kan waɗannan ba, ka fita bayan gari.

Don Allah kada kowa ya shiga tsohon rami da sunan gwaji. A zura na'urar karɓar saƙon da igiya cikin rijiya, a rubuta zurfin da sigina ta ɓace.