Kurakuran da aka fi yi wajen duba rajistar kamfani a CAC, da yadda ake gyara su

Idan za ka biya kuɗin kaya kafin su iso, ko za ka haɗa jari da wani, abin da ake fara turo maka a WhatsApp shi ne hoton satifiket na Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Da yawa nan suke tsayawa, kuma nan ne kuskure na farko. Hoto ba hujja ba ne, don ana iya canza suna da lamba a kansa da waya cikin 'yan mintuna. Ka shiga shafin hukumar da kanka ta cac.gov.ng, ka nemi sashen binciken jama'a, wanda kyauta ne, ka rubuta sunan ko lambar. Satifiket ɗin da ake bayarwa tun daga 2021 na intanet ne, yana ɗauke da lambar QR. Idan ka haska ta da waya, ka tabbata sunan shafin da ya buɗe ya ƙare da .gov.ng. Kada ka bi mahaɗin da mai neman kuɗinka ya turo.

Bincike da suna kaɗai ma yana ɓatar da mutane. Sunaye irin su Alheri, Albarka, Rahama da Nagarta sun cika rajistar, bambancinsu kalma ɗaya ce a ƙarshe. Ga kuma rubutu: wanda ka sani da Muhammad wataƙila Mohammed aka rubuta, Ɗan kuma Dan ake sa shi, ba ƙugiya. Sai mutum ya nema bai gani ba ya ce ba rajista, ko ya ga mai kama da shi ya saki jiki. Ka nemi lambar rajista, ka bincika da ita, sannan ka gwada sunan da ya fito da na takardar harafi da harafi, ka kuma gwada shi da sunan asusun bankin da aka ce ka tura kuɗi. Kamfani ne a takarda amma asusun na mutum ne? Dakata tukuna.

Haruffan da ke gaban lambar suna da ma'ana. RC na kamfani ne, BN sunan kasuwanci ne, IT kuma na ƙungiyoyi ne irin na masallatai, gidauniyoyi da ƙungiyoyin ci gaban gari. A doka kamfani mai RC daban yake da masu shi, bashinsa nasa ne. Mai BN kuwa shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, shi za ka bi idan an ci maka kuɗi. Wanda lambarsa BN ce amma ya rubuta Ltd, alamar kamfani mai RC, a allon shagonsa, ko bai sani ba ne ko yana ɓoye wani abu.

Masu sabuwar rajista su kula da takardar amincewa da suna. Ajiye maka sunan kawai aka yi na kwana 60, ba a yi rajista ba. Akwai wakilan da ke miƙa ta su karɓi cikon kuɗinsu. Haka nan kada ka bari wakili ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa a madadin naka, don duk sanarwar hukumar wurinsa za ta riƙa zuwa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kalmomi biyun da shafin ke nunawa, ACTIVE da INACTIVE. Wasu na ganin INACTIVE sai su ce kamfanin bogi ne. Galibi abin da take nufi shi ne ba a shigar da rahoton shekara-shekara ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta ce mai sunan kasuwanci ya shigar da nasa kafin ƙarshen 30 ga Yuni kowace shekara, ban da shekarar da ya yi rajista. Kamfani yana da kwana 42 bayan babban taronsa na shekara, ƙungiyoyi kuma tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. 'Yan kasuwarmu da yawa sun ɗauka da zarar satifiket ya shiga firam a bangon shago an gama, sai ranar da banki ko ma'aikatar da za ta ba su kwangila ta duba ta mayar musu da takardunsu. Wasu kuma suna zaton harajin da suka biya ya wadatar, alhali haraji hukumarsa daban, rahoton CAC daban. Gyaran shi ne a shigar da rahoton duk shekarun da aka tsallake, a biya kuɗinsu da tarar jinkiri, a sake dubawa har matsayin ya canza. Kada a yi sake, don doka ta ba hukumar ikon soke kamfanin da ya yi shekara 10 a jere bai shigar ba.

ACTIVE ita ma ba shaidar amana ba ce. Ba ta gaya maka ko wanda ke gabanka yana da ikon sa hannu a madadin kamfanin. Idan kuɗin mai yawa ne, ka nemi takardar da hukumar ke kira Status Report, mai kwanan watan kusa. Ana biya mata kuɗi, kuma tana nuna daraktoci, masu hannun jari da adireshin ofis. Tun 2023 akwai kuma rajistar ainihin masu kamfani, wadda ke nuna duk mai kashi 5 cikin 100 zuwa sama. Kada jarin da aka rubuta ya ruɗe ka: naira miliyan 10 a takarda ba ta nufin akwai miliyan 10 a asusu.

Kuskuren da ya fi cin dukiyar jama'a shi ne ɗaukar rajistar CAC a matsayin lasisi. CAC rajista kawai take yi, ba ta ba kowa izinin karɓar ajiyar mutane. Mai tara jari yana alkawarin riba duk wata, a neme shi a jerin SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari. Mai harkar banki, a CBN, wato Babban Bankin Najeriya. Kamfanin jigilar alhazai da 'yan Umara, a NAHCON. Magani da abincin gwangwani, a NAFDAC. Masu damfarar zuba kuɗi da yawa suna da satifiket na gaske, shi suke ɗagawa a bidiyo.

Wasu bayanan kuma ba a CAC suke ba sam. Ƙungiyoyin gama-kai yawanci a ofishin jiha ake musu rajista, saboda haka rashin ganinsu a shafin CAC ba laifi ba ne. Fili ko gida, ko da kamfani ne ke sayarwa, a hukumar filaye ake bincikensa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ka tafi da lambar fayil da kwafin takardar mallaka, ka karɓi sakamakon a rubuce.

Idan bayanin da kake so yana hannun ma'aikatar gwamnati, misali wa aka ba kwangilar wata hanya kuma nawa aka biya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka dama, ba sai ka faɗi dalilinka ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi ma. Abin da ke lalata buƙatar mutane shi ne su je da baki, ko su rubuta "duk bayanan kwangila". Ka rubuta wasiƙa ga shugaban ma'aikatar, ka ambaci sunan aikin, wurinsa, shekararsa da ainihin takardar da kake so. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Daga ranar suna da kwana 7, ana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, kuma kuɗin kwafi kaɗai za a caje ka. Idan sun hana ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma kwafin nan mai hatimi shi lauyanka zai fara tambaya.