Inda Ake Zamewa Wajen Lissafin Ruwa Mai Yawa

Duk wanda ya taɓa sayen ruwa a hannun mai kura ya san jarka lita 25 ce, durom kuma 200. Rikicin yana farawa ne idan an bar ma'aunin gida an shiga na injiniyoyi, wato kubik mita, wanda ake rubutawa m³.

Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce cif. Ka ɗauka akwati ne mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Durom biyar ke nan, ko jarka 40. Mutane da yawa sukan ce lita 100, don sun haddace cewa mita ɗaya santimita 100 ce tun daga firamare. Sun manta tsawo kawai suka auna, alhali ruwa yana cika ɓangare uku.

Wannan mantuwar ce ke yin babbar ɓarna idan aka kai kubik kilomita. Kilomita mita 1,000 ce, gaskiya ne, amma kubik kilomita ɗaya kubik mita biliyan ɗaya ne, domin dubu ake ninkawa sau dubu, a sake ninkawa sau dubu. Madatsar Tiga a Kano, wadda aka kammala a 1974, tana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Wanda ya raba da dubu zai ce kubik kilomita miliyan biyu ke cikinta, ya mai da ita teku, alhali biyu ne tak. Ƴan Nijar kuma su lura: abin da Faransanci ke kira miliyar shi ne biliyan a Najeriya, kuma a takardun can waƙafi ke raba ɓarin lamba, 1,5 na nufin ɗaya da rabi.

Sai galan, wanda ni kam da za a bi shawarata a daina amfani da shi. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. In ka ga an rubuta galan 1,000 a jikin tanki ko famfo, tambayi na wace ƙasa ne, don tsakaninsu akwai lita fiye da 700.

Kuskuren da ya fi ci wa manoman rani tuwo a ƙwarya shi ne haɗa yawan ruwa da gudunsa. Wani ƙanena ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa, masu aikin suka ce tana ba da lita 2 a daƙiƙa. Ya buga waya rai a ɓace: "Yaya, lita biyu fa! Ko buta ba za ta cika ba." Na ce ya ɗauko biro. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, lita 7,200 ke nan. Ya yi murna ya ninka da 24. Na dakatar da shi, tunda famfon sola ne, ba ya aiki da dare. In ya yi awa 8, lita 57,600 zai samu, wato kubik mita 57.6.

Da wannan muka auna gonar. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta guda kubik mita 10 ne, saboda hekta murabba'in mita 10,000 ce. Ashe abin da rijiyarsa ke kawowa a yini bai kai milimita 6 a hekta ɗaya ba. Hekta uku da ya yi niyyar shuka tumatir, sai ya koma ɗaya.