Darasi na Bakwai: Koya wa Ƙananan Yara Motsa Jiki ta Hanyar Wasa

Idan aka jera yara 'yan shekara huɗu ko biyar a layi, aka ce su ɗaga hannu su sauke sau goma, kafin a kai na biyar rabinsu sun fara waige-waige. Amma idan aka ce musu su ne 'yan tsaki, ga shaho nan tafe, za su yi ta gudu suna kaɗa hannu har sai an tsayar da su. Motsin ɗaya ne, sai dai na biyun yaro yana yinsa da son ransa, shi ya sa yake daɗewa a kai bai ƙosa ba. Wannan darasi na iyaye ne da masu raino da malaman ƙananan azuzuwa, har da na Islamiyya.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, minti 60 daga ciki kuma ya zama irin wanda ke sa haki da gumi, sannan kada zamansa gaban talabijin ko waya ya wuce awa ɗaya. Daga shekara 5 zuwa 17 kuwa, ana so ya samu kimanin minti 60 na motsi mai ƙarfi kullum. Ba a zama ɗaya ake nufi ba. Ana tara shi ne kaɗan-kaɗan daga safe zuwa yamma.

Ba sai an kai yaro Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ba. Tsakar gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa ta isa, muddin an share ta, kuma wasannin da muka gada sun ɗauke mana rabin aikin. A ɗauki 'yar gala-gala. Ana zana gidaje a ƙasa da gawayi, yarinya ta jefa tsingaro a gidan farko, ta bi sauran da tsalle a ƙafa ɗaya ba tare da ta taka layi ba, ta dawo ta sunkuya ta ɗauke abinta. A wannan ɗan zagaye ta koyi saiti, ta koyi tsayuwa a ƙafa ɗaya, ta ƙarfafa cinya da idon sawu, ta kuma ƙirga gidaje. Ga 'yar shekara uku, a faɗaɗa gidajen, a bar ta ta yi tsalle da ƙafa biyu tukuna. Carafke tana horar da ido da yatsu su yi aiki tare, kuma yatsun nan su ne za su riƙe fensir gobe. Gaɗa tana haɗa tafi da taku da waƙa. Langa kuwa a bar ta sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, domin akwai ture-ture a cikinta, kuma ƙasa mai yashi ta fi dacewa da ita, ba siminti ba.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata babba ya yi. Yawancin wasanninmu, wanda ya faɗi shi ke fita ya zauna, ga shi kuma mai saurin faɗuwa shi ne ya fi kowa buƙatar motsin. Saboda haka a sauya doka: wanda aka kama ya yi tsalle biyar ya dawo cikin wasa. Idan yara ashirin ne, kada a zana gala-gala ɗaya su yi ta jiran layi. A zana huɗu, gawayi ai ba ya tsada. Yaron da shan inna ta taɓa, ko mai rauni a ƙafa, a ba shi jifa da cafewa, kada a mayar da shi mai tsaron takalma. Kuma a daina sa tsallen kwaɗo a matsayin horo, domin yaron da aka saba hukunta shi da motsa jiki ba zai so shi ba.

Kafin a fara, babba ya duba wurin da idonsa, ya kwashe fasasshiyar kwalba da ƙusa, ya rufe rijiya, ya nisanta yara daga murhu da bakin kwata. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a Kaduna, a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, a rage guje-guje ga mai ciwon asma.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi wasa ɗaya da ya yi yana yaro, ya koya wa yaran gidansu na minti 15, sannan ya rubuta sunan wasan da jimla biyu a kan abin da ya ga yaran sun iya da abin da ya ba su wuya, ya kawo aji a karanta.