Yadda Za Ki Zaɓi Kayan Sawa Na Bikin Diwali Idan Kina Indiya

Ƴan uwana mata da ke karatu ko jinya a Indiya, da zarar Oktoba ta kama za ki ga gari ya fara canzawa, fitilu ko ina, shaguna cike, to Diwali ce ta ƙarato, babban bikin mabiya addinin Hindu da ake yi tsakanin Oktoba da Nuwamba. Kwana 5 ake yi, rana ta 3 ce babbar, ita ce kowa ke fito da sabon kaya. In maƙociya ko ƴar ajinku ta gayyace ki cin abinci, ga yadda ni nake bi.

Da farko ki tambayi wadda ta gayyace ki ina za a yi, kuma me ƴan gidan za su saka. Wannan tambayar ita ce rabin aikin wallahi. Zaman gida da dangi daban, walimar dare a ɗakin taro daban. Gari ma da gari ba ɗaya ba, a Delhi dare ya fara sanyi lokacin, a Chennai kuwa damina ce sannan su da asuba suke wanka su saka sabon kayan.

Sai ki zaɓi irin ɗinkin. Sari shi ne wanda muka fi sani, tsawonsa kamar mita 5 da rabi, ba ɗinki a jikinsa naɗawa ake yi a kan siket na ciki da ƴar riga. Yana da kyau matuƙa amma in ba ki taɓa ɗaurawa ba kar ki fara koya ranar bikin, ki samu mai nuna miki tun saura mako, ki tanadi fil da yawa, ko ki sayi wanda aka riga aka ɗinke ninkinsa sai dai kawai ki zura. Lehenga kuma dogon siket ne mai faɗi da ƙaramar riga da ake kira choli da mayafi wato dupatta, ƴanmata sun fi son shi amma wani akwai nauyi, duwatsu da zare sun cika shi, ki ɗaga shi da hannu tukun kafin ki biya. Ni dai a nawa ganin anarkali ya fi dacewa da mu, doguwar riga ce mai buɗewa daga ƙirji zuwa ƙasa da wando a ciki, jiki a rufe ruf, ki yafa dupatta a kai ko ki saka hijabinki mai kalar kayan shikenan kin fito. In kuma lehenga ko sari ranki ke so, ki ce wa tela ya tsawaita rigar ta rufe ciki ya sa dogon hannu, sun saba, matan Musulmin Indiya da yawa haka suke ɗinkawa.

Yanzu maganar yadi, nan nake so ki natsu dan Allah. Diwali bikin wuta ne. Ƙananan fitilun ƙasa da suke kira diya ana jera su a bakin ƙofa, kan matakala, gefen bango, da mai da lagwani suna ci, ga yara na ta kunna tartsatsin wasa a waje. Yadin roba irin nailan da poliyesta in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, don haka auduga ko siliki na gaske za ki nema, kuma dupatta kar ki bar ta tana jan ƙasa ko tana lilo a baya, ki maƙale ta da fil a kafaɗa. Gindin siket ɗin ma kar ya wuce idon sawu sosai.

In siliki za ki saya ki san sunayensu don kar a yi miki wayo. Banarasi daga Varanasi yake, mai saƙar zaren zinare da suke ce wa zari. Kanjivaram daga Kanchipuram a jihar Tamil Nadu, mai kauri ne da faffaɗan baki. Ki duba tambarin Silk Mark a jiki, shi ke nuna silikin gaske ne. In kuɗin bai kai ba babu komai, akwai bandhani na Gujarat da Rajasthan, ɗaure da rini ne kamar aikin marinanmu, ga chikankari na Lucknow mai aikin hannu a kan yadi marar nauyi, yana da daɗin sawa.

Kala kuwa ja, rawaya, ruwan lemo, kore, ruwan hoda, duk wani mai haske. Baƙi gidaje da yawa ba sa son sa ranar, fari fat ba ado kuma na zaman makoki ne a wajensu.

Ki kai ɗinki da wuri! Telolinsu kafin Diwali kamar namu ne a goman ƙarshe na azumi, ko mako 3 kafin ranar bai yi wuri ba. Sari ma yana buƙatar a ɗinka masa ƙyalle a gefen ƙasa a kuma kame bakinsa, ki ce a yi miki fall da pico, haka suke faɗa. Ki je awo da takalmin da za ki saka saboda tsawo.

Ado kuma ɗan kunne jhumka da awarwaro sun isa, lalle in kina so, wannan dai namu ne da nasu. Amma jan garin nan da ake sawa a tsagar gashi, sindoor, da sarƙar mangalsutra mai baƙaƙen duwatsu alamar auren matan Hindu ne, ki bar musu. Takalmi ki ɗauki jutti ko wani mai sauƙin cirewa, don a bakin ƙofa za ki ajiye shi.