Ga sababbin zuwa Bronx: lissafin mai jifa da lissafin mai gida

Ƙannena da kuka sauka New York bana, barkanku da zuwa. Katin jirgin ƙasa, layin waya, shagon naman halal, duk za ku gane su cikin mako guda, ku dai tambayi kowa bayan sallar Juma'a. Mutanenmu na Nijar da Ghana da Najeriya a nan Bronx ba sa barin baƙo ya kwana a titi, wannan kam sai hamdala.

Amma ku rage saurin baki a wurin aiki. Filin ƙungiyar wasa ta Yankees yana nan kan titi na 161, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba hirar Amurkawa besbol ce, wato wasan da mai jifa ke jefa ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda. Kwanaki wani yaronmu ya duba waya, ya ga tsohon mai jifa Nolan Ryan ya sha kashi sau 292, sai ya ce wa abokan aikinsa ai wannan ba ɗan wasa ba ne. Dariya suka yi masa har aka tashi. Shekara 27 Ryan ya yi yana jifa, ya ci wasa 324, ya fitar da masu bugu 5,714, har yau ba wanda ya kamo shi. In za ka auna shi, ajiye shi kusa da sa'o'insa. Don Sutton ma 324 ya ci, ya sha kashi 256. Phil Niekro ya ci 318, ya faɗi 274. Walter Johnson ya ci 417, ya faɗi 279. Wanda ya fi kowa shan kashi a tarihi, sama da sau 300, shi ne Cy Young mai nasara 511, kuma da sunansa ake ba da kyautar gwarzon mai jifa duk shekara. Rago ba ya tara irin wannan adadi, tun da wuri ake sallamarsa. Sannan kashin ba laifin mai jifa kaɗai ba ne: in 'yan ƙungiyarsa ba su ci maki ba, a kansa ake rubutawa. A 2018 Jacob deGrom na ƙungiyar Mets ya ci 10 ya faɗi 9, kuma shi ya ɗauki kyautar.

Na kawo wannan ne saboda maganar neman gidan haya, inda kowannenku ke tuntuɓe. Za ka je wurin mai gida kana bugun ƙirji cewa kai ba ka taɓa cin bashin kowa ba. A ƙasashenmu wannan mutunci ne. A nan, in ya binciki tarihin bashinka ya ga wayam, kallon wanda bai taɓa shiga fili ba zai yi maka. Ni da kuɗina a hannu wani dattijo ya hana ni ɗaki, ya ba mutumin da aka san ya taɓa makara wajen biya amma yana da tarihin shekaru. Watanni na yi ina kwana a falon wani ɗan'uwa, Allah Ya saka masa.

Don haka da zarar lambar aikinka, wato lambar Social Security, ta fito, buɗe asusu, ka nemi katin bashi irin wanda ake ajiye jingina. Yi ƙananan sayayya da shi, ka biya duka kafin wa'adi, ba ruwanka da kuɗin ruwa. Adana takardun albashi, domin masu gidaje da yawa a birnin nan suna son kuɗin shigarka na shekara ya ninka hayar wata sau 40, in bai kai ba sai ka kawo mai tsaya maka. Aikin da ake biyanka a hannu ba ya barin shaida, ku daina murna da shi. Kuma tun 2019 dokar jihar New York ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, kuɗin neman gida kuma ba ya wuce dala 20. Duk wanda ya nemi ajiyar wata uku, ko da Bahaushe ne ɗan garinku, ce masa ya rubuta a takarda ya sa hannu.